Wa Ke Kallon Sitatus Ɗinka?

Idan kaka ta yi a Kontagora, ba sai na leƙa kasuwa nake sanin wanda noma ya yi wa kyau ba. Ina buɗe WhatsApp bayan sallar isha'i zan gani. Wani ya jera buhunan masara a tsakar gida ya ɗauka, ya rubuta yawansu a ƙasan hoton, ya bi da godiya ga Allah. Wata ta sa katin bikin ƙanwarta, ga ranar kamu, ga ranar ɗaurin aure, ga kwatancen gida, ga lambobin waya uku na masu karɓar baƙi. Uba ya ɗauki 'ya'yansa da sassafe cikin kayan makaranta, bajon makarantar ya fito raɗau a ƙirjin kowanne. Sabuwar mota, ko lambarta ba a rufe ba. Lokacin aikin Hajji kuwa, hoton maigida da uwargida ne a sansanin alhazai, wanda ke shaida wa duk mai kallo cewa yara da mai aiki kaɗai aka bari a gidan nan har tsawon wata guda.

Ni malamar makaranta ce, kuma ni ke riƙe da ɗan ofishin ba da shawara a wata sakandaren 'yan mata a garin nan. Da, matsalolin da ake kawo mini ba su wuce faɗa da ƙawa, kuɗin jarrabawa, ko auren da ake son yi wa yarinya ba ta shirya ba. Yanzu da wuya a kawo mini kuka ban ga waya a tsakiyarsa ba.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da halin ɗaukar maganar da wasa. Shekarar 2021 kaɗai ta isa. Ranar 17 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A watan Mayu 'yan bindiga suka kashe Sardaunan Kontagora, Bashir Saidu Namaska, ɗan Sarkin Sudan na wancan lokaci, a gona. Ranar 30 ga wannan watan aka shiga Tegina aka tafi da yaran Islamiyyar Salihu Tanko su fiye da ɗari, wasu ko wankan kansu ba su iya ba, aka riƙe su kusan wata uku. Duk wanda aka taɓa ɗaukar masa ɗan'uwa a tsakanin Mariga, Rijau, Magama da Mashegu zai gaya maka cewa masu garkuwa ba da ka suke yanka kuɗin fansa ba. Sukan ambaci shanun da mutum ya sayar, ko ɗansa da ke aiki a Abuja. Infoma ne ke kai musu. Da, sai infoma ya yi zaman majalisa, ya bi kasuwa, ya yi 'yan tambayoyin da za su iya tona shi. Yanzu ya ajiye lambarka, kai ma ka ajiye tasa, shi ke nan, duk abin da ka sa a sitatus yana gani daga kan gadonsa. Ban ce waya ce ta kawo 'yan bindiga ba, don sun yi ɓarna a ƙauyukan da ko sabis babu. Abin da na ce shi ne ta rage wa infoma wahala.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar wane irin mutum ne ke baje sirrinsa a intanet, kuma wane iri ne ke tsince na wasu. A 2002 masana biyu a Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada, Delroy Paulhus da Kevin Williams, suka haɗa halaye uku wuri guda suka kira su baƙaƙen halaye. Ba a asibitin mahaukata ko kurkuku suka yi binciken ba, a cikin ɗaliban jami'a suka yi, wato mutane masu lafiya da ake cuɗanya da su kullum. Na farko shi ne ji-da-kai mai tsanani: mutum ya ga ba kamarsa, ya kasa rayuwa sai da yabo, in an yabi wani a gabansa ransa ya ɓaci. Na biyu makirci ne, wanda suka danganta da Machiavelli, wani ɗan Italiya da ya rubuta littafin dabarun riƙe mulki a 1513: mutum mai haƙuri da lissafi, da ke kallon jama'a a matsayin hanyar biyan buƙata, ya yi maka alheri yau don abin da zai karɓa baɗi. Na uku ƙeƙashewar zuciya ce haɗe da garaje: ba tausayi, ba nadama, ba tunanin abin da zai biyo baya. Daga baya wasu suka ƙara na huɗu, wato jin daɗin ganin wani cikin azaba ko wulaƙanci.

Wanda ya yi zaman makarantar zaure ba zai ji wannan baƙo ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cututtukan zuciya, ujubu da riya da hassada da annamimanci. Abin da Turawan suka ƙara shi ne awo. Sukan ba mutum tambayoyi ya amsa, su ba shi maki, sannan su duba yadda makin ke tafiya da abin da yake aikatawa. Kuma sun nuna cewa ba wai wasu na da halayen wasu ba su da su ba ne. Kowa na da ɗan rabonsa, sai dai na wani ya rinjayi na wani.

Mai ji-da-kai shi ne ya fi saurin ganewa, don shi da kansa yake tallar kansa. A 2008 Laura Buffardi da Keith Campbell na Jami'ar Georgia a Amurka suka duba shafukan Facebook na ɗalibai, suka ga masu maki mai yawa a wannan hali sun fi tara abokai da sa hotunan burgewa, har ma baƙon da bai san su ba yana iya gane su daga shafin kawai. A 2015 Jesse Fox da Margaret Rooney na Jami'ar Jihar Ohio suka tambayi maza 800, suka samu cewa ji-da-kai da ƙeƙashewar zuciya duka suna tafiya da yawan sa hoton kai, amma gyara hoto kafin a sa shi aikin mai ji-da-kai ne. Mai garaje ba ya tsayawa gyara, ɗauka kawai yake ya watsa.

Ba mu rasa misali a gida ba. Ramon Abbas, wanda duniya ta sani da Hushpuppi, ya tara mabiya sama da miliyan biyu a Instagram da hotunan motoci, agoguna da jiragen haya. A watan Yunin 2020 aka kama shi a Dubai, a Nuwambar 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni kan halasta kuɗin damfara. Cikin abubuwan da masu bincike suka bi har suka tabbatar da shi akwai abin da shi da kansa ya riƙa sawa a shafinsa. Baki shi ke yanka wuya. A 2024 kuma jaridu suka yi ta kawo labarin 'yan bindiga da ke fitowa a TikTok suna baje daman kuɗi. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin ba su ba ne, mutanen gari ne da suka riƙa jera lambobin asusunsu a ƙasan bidiyon suna roƙon a sammusu. Mutum ya miƙa cikakken sunansa da bankinsa ga wanda sana'arsa ita ce neman wanda zai ɗauka.

Sai dai a yi hattara da waɗannan bincike. Yawancinsu a kan ɗaliban Turai da Amurka aka yi, da tambayoyin da mutum ke amsawa game da kansa, kuma alaƙar da aka samu ba mai ƙarfi ba ce sosai. Kada wata ta karanta wannan ta je ta ce wa kishiyarta masana sun gano ciwonta. Yawancin masu sa hotunan da na lissafa a sama ba ji-da-kai ke damunsu ba. Manomin nan ya sha wahalar taki da fargabar zuwa gona, murna ce ta kama shi. Mai katin biki so take kada wani ɗan'uwa ya ce ba a gaya masa ba. Mai sa hoton mahaifiyarta a gadon asibiti addu'a take nema. Mata da yawa a garin nan daga cikin ɗaki suke sayar da atamfa, turaren wuta da kayan kicin ta sitatus, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, ba kuwa za a ce su ɓoye lambarsu ba. A ganina ma mai ji-da-kai shi ne mafi ƙarancin haɗari cikin huɗun, don yawanci kansa yake cuta. Wanda nake tsoro shi ne wanda shafinsa ba komai, hotonsa na fure ne ko na masallaci, ba ya sa komai, amma ba abin da ke wuce shi.

Wata rana bayan an tashi, wata yarinya 'yar aji biyar ta tsaya a bakin ofishina tana murza gefen hijabinta har sai da kowa ya watse. Da ta zauna ta ce, "Malama, don Allah kada Babanmu ya ji." Da wayar yayarta take shiga Facebook da dare. Wani ya yi mata sallama, ya ce shi ɗan Kontagora ne aiki ya kai shi Abuja. Ya ambaci unguwarsu, sunan mahaifinta da sana'arsa, ya ce tare suka yi Islamiyya da kawunta. Na tambaye ta, "'Yata, ina kike jin ya samo duk wannan?" Ta yi shiru. Muka buɗe shafin tare. Ga katin bikin yayar, ga sanarwar rasuwar kakarsu da sunayen 'ya'yan da ta bari, ga hoton shagon mahaifin da allon sunansa. Ba abin da ya faɗa mata wanda ba a rubuce yake a wurin ba.

Ya ɗauki watanni bai furta kalma ɗaya ta rashin ɗa'a ba. Yakan tambaye ta ko ta yi sallah, yaya karatu. Sannan ya fara ba ta nasa "sirrin": matarsa ta rasu wajen haihuwa, ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa sai ita. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma masana sun san dalilin da ya sa take ci. Idan mutum ya buɗe maka cikinsa, nauyi kake ji ka bar shi haka, sai ka ga kai ma ka buɗe naka. Shi ƙarya ya bayar, ita kuwa gaskiya ta mayar. Ta riƙa tura masa saƙon murya tana kuka, tana faɗin abin da kishiyar uwarta ke yi musu, har da maganganun da ba za su maimaitu a gaban uba ba. Ranar da ya ga ya tara abin da ya ishe shi, sai muryarsa ta sauya. Ya ce ta ɗauko katin cirar kuɗin mahaifinta ta ɗauki hotonsa gaba da baya ta turo, ko kuma muryoyin nan su isa wayar kowa a danginsu.

Allah ya sa ba ta tura ba. Na kira mahaifiyarta, muka zauna mu uku, daga baya ita uwar ta san yadda ta yi da maigidan. Mutumin ya cika alkawarinsa rabi, ya tura murya ɗaya ga wata gwaggonsu, aka yi 'yan kwanaki ana hayaniya a gidan, maganar ta mutu. Da ta ɓoye, da ba a nan abin zai tsaya ba, don irin waɗannan ba sa karɓa sau ɗaya su tafi.

Wasu ba su tsira haka ba. A watan Yulin 2012 aka kashe Cynthia Osokogu, ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, a wani otal a Legas, bayan wasu da ta haɗu da su a Facebook sun yaudare ta da maganar kasuwanci. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Kuma kada iyayen maza su ɗauka abin na 'yan mata ne kawai. Akwai masu buɗe shafi da hoton budurwa su ja saurayi hira har ya tura hoton tsiraicinsa, daga nan sai barazana. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya masu wannan sana'a. A Satumbar wannan shekarar wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka matsa wa ya kashe kansa. Ya gaya musu abin da zai yi, suka ce ya yi. Wanda ke neman ya ga yadda ƙeƙashewar zuciya take, ga ta nan.

Manya ma ba su sha ba. Yayana, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Wata safiya aka kira shi. Mai kiran ya gaishe shi cikin ladabi, ya kira shi da inkiyar da tun barin makaranta ba mai kiransa da ita sai abokai, ya yi masa ta'aziyyar wani ɗan ajinsu da bai daɗe da rasuwa ba, ya ce za a yi taron zaure ta waya da yamma don haɗa wa iyalin mamacin gudummawa, an turo masa lamba shida ta shiga taron, ya karanto. Yaya kuwa ya karanto. Kafin azahar saƙo ya isa wayar duk wanda ke cikin wayarsa, ciki har da ni, wai yana asibiti da mara lafiya a tura dubu hamsin zai mayar gobe. Da na same shi na ce, "Yaya, wa ka ba lambar?" Ya ce, "Ke, yaron nan fa da sunan da Malam Hedimasta ke kirana ya kira ni." Lambar nan shida ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinsa, wadda kamfanin ke turowa idan za a ɗora layin mutum a wata wayar. Inkiyar da labarin rasuwar kuwa daga cikin zauren aka kwashe su, bayan an fara ƙwace wayar wani ɗan ajin ta wannan hanyar. Akwai wurin da mutum zai sa lambar sirri ta biyu a cikin WhatsApp, wadda ko an samu ta farkon ba za a shiga ba sai da ita. Ba ta cin minti biyu, amma cikin tsaran Yaya da wuya ka sami wanda ya sa.

Akwai wani abin da ya yaɗu tsakanin matan Arewa wanda nake ganin ba a yi maganarsa yadda ya kamata ba. Shafuka ne a Instagram da Facebook da mace za ta tura matsalar aurenta ta ce a ɓoye sunanta a nema mata shawara. Na fahimci abin da ke kai su. Wata ba ta da wanda za ta gaya wa, in ta je gida a ce ta yi haƙuri, in ta gaya wa ƙawa ta ji a gari. Amma dubi yadda ake rubutawa: ina zaune a Kontagora, mijina ma'aikacin wuri kaza ne, mu biyu ne ni ce amarya, 'ya'yana uku, biyu tagwaye, uwar mijina tana zaune tare da mu. A Legas wataƙila wannan ya ɓoyu. A garin nan, kafin la'asar an ɗauki hoton rubutun an tura wa uwargidan, kafin magariba ya isa wayar mijin. Sirrin da ta baje kuma ba nata ba ne ita kaɗai, har da na shimfiɗar mijinta, da ciwon da yake ɓoyewa, da bashin da ake binsa. Mai shafin ba ta yi asarar komai ba. Mabiyanta sun ƙaru, kuɗin tallar da take karɓa ya hau.

Sai ka gangara wajen masu sharhi. Za ka sami masu ba da shawara tsakani da Allah, amma za ka ga wasu da ba abin da ya kawo su sai su ga an ji ciwo. Mace ta ce ta yi ɓari sau uku, wani ya rubuta mata abin da ko maƙiyi ba zai faɗa a gaban ido ba, ya bi da hoton dariya. A 2014 Erin Buckels da abokan aikinta a Kanada suka yi nazarin mutum sama da 1,200, suka ga masu jin daɗin tsokana da cin zarafi a intanet 'yan kaɗan ne, amma su ne suka fi kowa maki a baƙaƙen halayen nan, musamman jin daɗin azabtar da wani. Wato ba haushi suke hucewa ba, nishaɗi suke yi, shi ya sa mayar musu da martani ƙara musu daɗi yake. Tun 2004 wani masani Ba'amurke, John Suler, ya yi bayanin abin da ke sa har mutumin kirki ya saki baki a intanet: ba a ganin fuskarsa, ba ya ganin ta wanda yake yi wa magana, kuma yana iya ajiye wayar ya tafi kafin amsa ta zo. Kunya da kara, waɗanda muke taƙama da su, da ido suke aiki. Yaron da ba zai iya ɗaga kai a gaban sa'ar mahaifinsa ba, shi ne zai zage shi tas da sunan bogi.

Ba yau muka fara ganin wannan ba. A 2007, tun kafin WhatsApp, wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya na wata 'yar fim ya fita a Kano, ya bi wayoyi ta Bluetooth har ya game Arewa. Ya girgiza harkar fim, gwamnatin Kano ta ƙara tsaurara tace finafinai, ita kuma matar ta ɗauki kusan dukkan zagin. Dubban da suka tura wa junansu ba wanda ya tuhume su. Har yau haka muke: a tsine wa wadda asirinta ya tonu, a manta da wanda ya tona da waɗanda suka yaɗa. Ga kuma wata ƙofa da ba a cika tunawa da ita ba a gari mai ƙarancin wuta irin namu, inda waya ke yini wajen mai caji ko ta kwana wajen mai gyara ba makulli. Yawancinsu yaran kirki ne masu neman halak, amma ɗaya ya isa.

Kamfanoni ma suna da nasu makircin, sai dai nasu a rubuce yake cikin sharuɗɗan da ba mai karantawa. Manhajojin ba da bashi sun fi fitowa fili. Kana karɓar dubu goma ka ba su izinin shiga lambobin wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukinka da limamin unguwarku cewa kai ɓarawo ne. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma, a Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci tarar Meta dala miliyan 220. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yi wa wani barazana ko neman ƙwace masa kuɗi ta waya. Dokokin suna nan. Amma doka sai an kai ƙara take aiki, kuma a nan ne makiri ya fi mu lissafi, don ya san gidan mutunci zai gwammace ya biya a ɓoye da a ji sunan 'yarsa a ofishin 'yan sanda.

Ba na ce wa ɗalibaina su bar waya, don na san ba za su bari ba, ni ma ban bari ba. Abin da nake ce musu shi ne kafin su sa abu su tambayi kansu na wane ne. Hoton ƙanenki da kayan makaranta nasa ne, kuma bai isa ya ba da izini ba. Tafiyar Baba tasa ce. Buhunan da ke tsakar gida abincin gidan ne gaba ɗaya, haɗarinsu ma na kowa ne. Abin da ya zama dole a sa, a jinkirta shi: hoton tafiya bayan an dawo, hoton biki bayan an watse. Katin gayyata a tura wa waɗanda ake gayyata, ba sai duk wanda ya taɓa sayen turare a hannunki ya san ƙofar gidanku ba. WhatsApp ya ba da damar zaɓen waɗanda za su ga sitatus, mai sana'a kuma ta ware layin kasuwa daban. Lambar NIN, BVN, hoton katin banki da duk wata lamba da aka turo ta saƙo ba a karanta wa kowa su a waya, ko da ya ce daga banki yake, ko ya kira sunan kakarka. Baƙon da ya san abubuwa da yawa a kanka tun ranar farko, ko ya fara ba ka sirrinsa ba ka tambaya ba, wannan dalilin ja da baya ne.

Maganata ta ƙarshe ga iyaye ce, musamman maza. Ranar da 'yarka ko ɗanka ya zo yana rawar jiki ya ce wani na yi masa barazana da hoto ko murya, kada ka fara da duka, kada ka fasa wayar. Tsoron dukanka shi ne jarin mai barazanar. Ka ajiye saƙonnin da lambar asusun da ya turo, kada ka biya ko sisi, ka sanar da dangi na kusa da bakinka kafin shi ya sanar da su, sannan ka kai ƙara wajen 'yan sanda. Faɗan da za ka yi wa yaron yana iya jira zuwa gobe.